Ranar da Na Tuƙa Mu Zuwa Ganin Hayaƙi

Na haura hamsin kafin in fara tuƙa mota. A Madina aka haife ni, a unguwar Bani Harisa na yi aure na haifi 'ya'yana, kuma duk shekarun nan kujerar baya ce wurina. Ko da aka ba mu mata izinin tuƙi a ƙasar nan ban motsa ba, sai da idon maigidana ya fara rauni likita ya ce ya haƙura da sitiyari. 'Ya'yanmu maza sun yi nisa, ɗaya a Jidda ɗaya a Riyad. Gidan ya rage daga ni sai shi sai autarmu. Motar ta zauna a ƙofar gida har kyanwoyin unguwa suka mai da ƙarƙashinta ɗakin haihuwa.

Na shiga makarantar tuƙi. Jarrabawar farko na faɗi a wajen ajiye mota da baya, na dawo gida na ƙi cin abinci. Da na sake komawa na ci, aka ba ni rukusa, wato lasisin tuƙi, na fito ina dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa cakulkuli.

Daga ranar ban sake zama ba. Mai gasa tamis, burodin da muke karyawa da shi, daga tagar ɗakina ana hango shagonsa, amma da mota nake zuwa. In na zo shataletale sai in zaga sau biyu don daɗi kawai. In gishiri ya ƙare, mota. In bai ƙare ba, in ce ya kusa. Nakan bi hanyar Uhudu da la'asar, dutsen ya yi jajir a gabana, in rage sautin rediyo in yi ta salati, in dawo in sake komawa. Wata rana na ce wa maigidana ya shiga in kai shi masallacin unguwa. Ya dube ni ya dubi masallacin, ya ce, "Hajiya, kafin ki juya motar an yi raka'a biyu." Ya saka takalmansa ya tafi.

Autata tana shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin, tana karanta ilimin muhalli. Irin yaran nan ce da ake yi wa Hausa su amsa da Larabci, sai in suna son abu a wurinka Hausar take dawo musu. Aikinta na gamawa a kan hayaƙin da ke ɗumama duniya ne: yadda na ƙasarmu yake ƙaruwa shekara bayan shekara, da wuraren da yake fitowa. Watanni tana kai, ni kuwa ban taɓa tambayarta ba, don hankalina yana kan titi.

Wata ranar Alhamis na dawo daga sayo na'ana'a, wanda muke da shi a gida, na same ta a falo da kwamfuta a cinya. Ta ce, "Ummi, ta'ali, zo ki ga kanki."

Na ɗauka kyamarar titi ce ta kama ni. Na zauna da sauri.

Zane ne ta nuna mini. Wani layi ya taso daga ƙasa can hagu, yana hawa yana hawa kamar gefen Uhudu, sai can kusa da ƙarshe ya ɗan kwanta kamar mai hutawa. Ƙarƙashinsa launuka ne a jere, wani mai kauri wani siriri. Ta ce farkon layin kafin a haife ni ne, lokacin da mutane ke kwana a saman soro suna fifita. Hawan kuwa duk a rayuwata aka yi shi, tare da tituna da benaye da na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif ɗin da ba gidan da ba shi yanzu. Launi mafi kauri na wutar lantarki ne da ruwan sha. Na kusa da shi masana'antu da aikin mai. Sai ta ɗora yatsa a kan wani ruwan ɗorawa.

"Wannan sufuri ne. Motoci, tireloli, jirage. Ke ce nan, ya Ummi."

Na ce, "Ni kaɗai?"

Ta ce, "Tun da kika sami rukusa, ina jin ya ƙara kauri."

Dariya ta kama ni har sai da na kwanta a kan kujera. Na ce mata shekara hamsin ina zaune a baya maza suna ta hura wannan launi, ba wanda ya ce uffan, yanzu da na karɓi makulli ne aka gano duniya ta yi zafi? Ita ma ta yi dariya, amma ba ta janye yatsar ba.

A cikin haka baƙina na Alhamis suka iso. Ɗaya Goggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta ba tamanin baya kuma har yanzu ita ke yanke hukunci a danginmu. Ɗayar maƙwabciyata ce, 'yar wajen Maraɗi, tana aiki a ɗakin wanki na wani otal kusa da Harami. Na haɗa shayi, na ce wa yarinyar ta nuna musu abin da take zargina da shi.

Maƙwabciyar ta leƙa ta ce, "To, ina tamu ƙasa? Nuna mini Nijar."

Autata ta danna, zane ya fito, sai layin ya kwanta a ƙasa kamar zare. Ta ce in aka ajiye shi kusa da namu da ƙyar ake ganinsa. Matar ta gyara zama tana murmushi, ta ce ai dama su masu ladabi ne. Sai ta tambaya, ɗan abin da ke akwai ɗin daga ina yake fitowa, tunda a ƙauyensu ko injin niƙa sai an je gari.

Yarinyar ta yi ta neman kalmar da Hausa ba ta samu ba. Ta faɗa da Larabci, Goggo ba ta ji ba. Sai kawai ta buɗe baki ta kwaikwaya.

"Gyatsa?" in ji Goggo.

"Aiwa, gyatsa. Gyatsar shanu da awaki da raƙuma. Mafi yawan nasu daga dabbobi ne da gona."

Maƙwabciyar ta ajiye kofinta a hankali ta ce, "Mi? Wato akwai wanda aikinsa shi ne ya zauna yana sauraren saniyar babana?"

Nan muka ɓarke. Goggo ta yi dariya har haƙoran robarta suka motsa, ta tare su da gefen mayafi. Maigidana ya leƙo daga ɗaki ya ga ba lafiya, ya koma. Aka nuna na Najeriya, inda kakanninmu suka fito, yarinyar ta lissafa sarar itatuwa da girki da icce, da janareto a kowace ƙofa, da iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai can kudu, da su ma shanun. Goggo ta ce to kowa da nasa laifin ke nan, a ƙara mata shayi.

Autata ta nuna butar shayin ta ce, "Shi ma yana ciki, ya Goggo. Ruwan nan daga teku ya zo. A garin Yanbu, can bakin teku, ake cire masa gishiri, ana ƙona mai da gas don a yi hakan, sannan a turo shi ta bututu ya hau duwatsu har famfonmu."

Na san ruwanmu daga teku yake, kowa ya sani, amma ban taɓa haɗa shi da wuta ba. Ina kallon butar, sai wani tunani ya faɗo mini. Ban taɓa fita Madina da mota ba. Ban taɓa hawa babbar hanya ba.

Na ce, "Bai kamata ki rubuta abin da ba ki gani da idonki ba. Asabar mu je Yanbu."

Ta dube ni ta ce, "Ummi, kina son ki ƙona tanki guda don ki je kallon hayaƙi?"

Na ce, "Bincike ne. Kuma mu huɗu ne a mota ɗaya, sai ki raba."

Goggo ta riga ta fara tambayar ko akwai kifi a can. Maƙwabciyar ta ce za ta yi musayar ranar hutu da wata abokiyar aikinta. Yarinyar ta ga an fi ƙarfinta.

Ranar Asabar bayan asuba maigidana ya zagaya motar yana danna tayoyi da ƙafa. Ya ce ba zai je ba, wai ciwon baya, amma na san ba ya son ya ga tirela ta taga ni ina tuƙi. Ya tsaya a ƙofa yana ba ni umarni: kada in bi bayan tirela kurkusa, kada in wuce ta a kwana, kada in saurari Goggo. Goggo ta zauna a gaba da carbi da jakar dabino. Sauran biyun suna baya da fulas ɗin shayi.

Da muka bar gari hanya ta buɗe, duwatsu baƙaƙe a dama da hagu, na ji kamar an cire mini wani ƙunci daga ƙirji. Na daɗe a bayan wata tirela mai ɗauke da siminti, tana tafiya kamar tsohuwar raƙuma. Autata ta ce hanya a buɗe take, in zan wuce in wuce. Na kunna sigina, na ce bismillahi, na taka. Tirelar ta yi ta tafiya a gefenmu ba ta ƙarewa, Goggo tana jan carbi da sauri da sauri, har dai muka ga kanta, muka ga direban da rawaninsa, muka bar shi a baya. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa a cikin motar nan da tagogi a rufe, kunnena ya yi ta ƙara har Badar. Bayan wannan duk tirelar da na hango sai na wuce ta, kuma kowacce sai an yi mata guɗa.

A kusa da Badar muka yi shiru muka yi addu'a ga shahidan wurin, sannan hanya ta gangara, duwatsu suka ja baya, ƙasa ta shimfiɗe fara fat. Iska ta sauya, ta yi nauyi. Can gaba sai muka fara hango su: dogayen bututun hayaƙi masu ja da fari a wuya, tankuna zagayayyu kamar manyan tukwane, ƙarafa a sarƙe da juna har iyakar gani. A saman wani dogon ƙarfe wuta tana ci da rana tsaka, tana kaɗawa kamar tuta. Wani farin abu yana tashi a wani gefe ya yi gajimare.

Alluna a bakin hanya sun hana tsayawa da ɗaukar hoto, don haka na rage gudu muka bi a hankali muna kallo. Ban yi zaton girman abin ya kai haka ba. Na yi tunanin famfon kicin ɗina, ɗan ƙarami mai ɗiga, ashe wannan ne ɗaya bakinsa.

Na nuna farin gajimaren na ce, "Ga shi can. Rubuta, kin gani da idonki."

Autata ta ce, "Wancan yawanci tururi ne, Ummi. Wanda nake rubutu a kansa ba a ganinsa. Ba shi da launi, ba shi da wari."

Na kusa taka birki. Na ce, "Wato mun taso tun asuba, na wuce duk tirelolin nan, don mu zo kallon abin da ba a gani?"

Ta ce, "Na so in gaya miki tun Alhamis, amma kina ta neman gilashin rana."

Goggo ta ce ita dai ta ga wuta, kuma an yi mata alkawarin kifi.

Muka shiga gari muka nemi bakin teku. Ranar ba mutane sosai, sai wasu iyalai can nesa a ƙarƙashin rumfa. Na ajiye motar, da baya kuwa, daidai cikin layi, na sa kowa ya fito ya duba. Da muka juya sai muka ga Goggo ta riga ta yi gaba da sandarta, ta tsaya inda ruwa ke lasar yashi.

Ta ce rabonta da teku tun tana 'yar ƙarama, ranar da suka tsallako daga Sawakin ita da mahaifina da iyayensu, bayan shekaru suna tafe suna tsayawa suna noma a Sudan. Jirgin katako ne mai tanti, in ji ta, ruwan sha a cikin salka ana ba kowa ɗan kurɓi. Ta yi kuka da ƙishi har ta miƙa hannu ta ɗebi na teku, uwarta ta doke hannun. Tun daga nan ta je Makka ba adadi, ta je Jidda biki, amma ba ta taɓa yarda an kai ta bakin ruwa ba.

Ta ba ni sandar, ta cire takalmi, ta tattare abaya ta shiga. Muka bi ta da gudu muka riƙe ta ta kowane gefe. Ruwan da ɗumi kamar na wanka. Ta sunkuya ta ɗebo a tafin hannu ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta tofar.

"Wannan ne nake sha shekara da shekaru a Madina? Lallai sun yi aiki."

Sai ta watsa wa autata ruwa a fuska. Daga nan abin ya lalace. Mata huɗu da abaya, babbarmu ta wuce tamanin, muna watsa wa juna ruwa muna faɗuwa muna tashi. Igiyar ruwa ta ɗauke silifa ɗaya na maƙwabciyata, ta bi shi tana yi masa magana da Faransanci. Na sha ruwan gishiri ta hanci. Yaran can ƙarƙashin rumfa suka bar wasansu suka tsaya kallonmu.

Da muka gaji muka zauna a inuwa muna bushewa, aka kawo soyayyen kifi da jar shinkafa muka sa hannu. Daga inda muke ana hango bututun nan can nesa, sun yi ƙanana. Maƙwabciyata ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce wa autata, "Ɗiyata, zaren nan namu da kika nuna, wanda ba a gani. To mi ya sa mu ne damina ke yi wa wasa? Bara babana sau uku yana shuka. Da gero na yi kamar da, ni da ban tahi wanke zannuwan otal ba."

Yarinyar ta amsa mata da Hausa, a hankali, tana tuntuɓe da kalmomi. Ta ce iska ba ta san iyakar ƙasa ba, abin da aka hura a nan da can da ko'ina sama ɗaya yake taruwa, kuma sau da yawa wanda bai hura ba shi yake fara ji a jikinsa. Ta ce shi ya sa ake son layin manyan ƙasashe ya sauko, kuma ɗan kwanciyar da namu ya yi a ƙarshe ba ta isa ba tukuna. Matar ta gyaɗa kai, ta cire ƙaya daga kifi ta tura wa Goggo tsokar. Makullin motar yana cinyata, na mai da shi cikin jaka.

Kafin mu tashi Goggo ta shanye robar ruwanta ta sa aka cika mata da na teku, wai za ta nuna wa matan unguwa asalin abin da suke dafa shayi da shi. A hanyar dawowa rana ta yi sanyi, na kashe mukayyif muka buɗe tagogi, abayoyinmu suka bushe da farin gishiri a jiki. Su uku suka yi barci. Na wuce tireloli ni kaɗai ba mai yi mini guɗa, na riƙa yi a zuci. Muka shigo Madina ana kiran magariba.

Ban daina tuƙi ba, kada in yi ƙarya. Amma yanzu da ƙafa nake zuwa sayen tamis, kuma na gano mai gasawar ya fi ba da mai zafi ga wanda ya tsaya a layi. Ɗakin da ba kowa ina kashe masa mukayyif, abin da ya jawo mini doguwar muhawara da maigidana. Tsakar gida da nake wankewa da tiyo kullum, yanzu shara nake yi sai ranar Juma'a. Da safe nakan ɗauki maƙwabciyata da abokan aikinta biyu in sauke su kusa da Harami, maimakon kowacce ta tari tasi. Autata ta ce wannan ɗin dabara ce kawai ta samun dalilin fita, kuma gaskiyarta. Ta gama aikinta ta ci da kyau. Na roƙe ta ta sa ni a shafin godiya a matsayin direban bincike, ta ce malaminta ba ya wasa.

Robar Goggo kuwa a motarmu ta manta da ita a daren da muka dawo. Na same ta da safe, ban gane ta ba, na sa a firji tare da sauran robobin ruwa, don iri ɗaya ce da su. Maigidana ya dawo daga azahar da ƙishi, ya buɗe firji ya ɗaga ta ya yi kurɓa uku kafin harshensa ya sanar da shi. Ya fito tsakar gida yana tari, idonsa na hawaye, ya ce a kira masu ruwa yanzu, injinsu na Yanbu ya lalace.